Na-Sama da Injin da Ba Ya Lilo

Rana ta take tsaka lokacin da tsoro ya fara kama Auta. Tana tsaye a ƙofar wurin gini da kwanon abincin babanta a hannu, ta ɗaga kai tana kallonsa yana saukowa. Baban nata direban injin ɗaga kaya ne, dogon nan da ake kafawa a gefen bene idan ana gini, wanda ma'aikata suka laƙaba wa suna Raƙumi. Ɗakin direba yana can ƙololuwa, kuma hanyar zuwa ɗaya ce tak, tsanin ƙarfe da ya miƙe a cikin jikin injin. Tun tana firamare take ganinsa yana sauko irin wannan tsani kamar ƙadangare a bango, ba ya tsayawa, wani lokaci har da fito. Ran nan sai ya tsaya a tsakiya. Ya rungume ƙarfen da hannu biyu, ya jingina goshinsa a kai, bai ƙara motsi ba.

Gajere, mutumin da ke ba shi hannu daga ƙasa, ya ɗaga oba-oba, 'yar rediyon da suke magana da ita, ya ce, “Na-Sama, barci kake yi a can? Ga abinci yana hucewa.”

Injin kwaɓa siminti yana ta ruri a gefe, wani yana dukan ƙarfe. Can sai oba-obar ta yi ƙara, muryarsa ta fito a yayyanke. “Gari nake kallo. Ku na ƙasa ba ku san daɗi ba.”

Gajere ya yi dariya, amma Auta ta lura bai sauke idonsa daga tsanin ba. Da baban ya iso ƙasa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓunansa sun yi wani irin duhu. Ya zauna a kan buhun siminti yana jan numfashi kamar wanda ya yi tsere, ya miƙa hannu ya karɓi kwanon, ya ce, “Farfesa, kada ki kai wa Ummanki labari.” Farfesa yake ce mata tun da ta gama jami'a. Ita kuwa ko takalmi ba ta cire ba a ƙofar gida ta kai labarin.

Ba mai kiransa da sunansa na gaskiya, a wurin aiki ko a unguwa. Na-Sama kowa ya sani. Da lebura ya fara, yana ɗaukar bulo a ka, sai dai duk lokacin hutu idonsa yana kan Raƙumi, har wuyansa ya sage. Wani tsohon direba ya gaji da ganinsa, ya ce ya hau ya gani da idonsa ya huta. Ya hau, kuma a faɗarsa tun daga ranar ransa bai ƙara saukowa ba. Idan ya shiga ɗakin direba, abu na farko da yake yi shi ne cire takalmi, ya jera su a bayan kujera, ya zauna daga shi sai safa. Yana goge gilashi da wani tsumma da ba ya bari kowa ya taɓa. Yana alfahari da abu guda, cewa ya ɗaga ƙarafa da siminti da suka isa gina gari, amma bai taɓa taɓa ko ɗaya da hannunsa ba.

Magana biyu ya reni 'ya'yansa da su, har suka haddace. Ta farko, duk abin da ka riƙe daga nesa sai ya yi lilo. Kaya suna rataye a ƙarshen doguwar igiyar ƙarfe, ka tsayar da inji su ba su tsaya ba, sai sun wuce sun dawo. Saboda haka gwani ba ya kai kaya inda yake so. Yana tsayawa kafin wurin, ya bar lilo ya ƙarasa masa aikin, sannan ya bi kayan kaɗan ya kashe lilon. Ta biyu kuwa, na sama ba ya ɗagawa sai na ƙasa ya ba da hannu. Daga can ƙololuwa ba ka ganin ko ƙugiya ta kama da kyau, ko ƙafar wani tana ƙarƙashin kaya. Gajere ne ke gani. Idan Gajere ya dunƙule hannu, a tsaya ke nan. Idan ya ɗaga yatsa sama yana juya shi, a ɗaga. Ko duniya za ta taru tana ihu, Na-Sama ba ya taɓa liba sai ya ga wannan yatsa.

Wannan ɗabi'a ta bi shi har gida. A gidansu da hannu ake cewa shayi ya isa, da hannu ake shigar da katifa ta ƙofa. Kuma Gajeren gida ita ce Umma, matarsa, mai kitso ce da mata ke layi a tsakar gidanta. Lokacin da za su tashi daga tsohon gida, da lokacin da yayan Auta ya kawo maganar aure, da lokacin da Auta ta ce jami'ar nesa take so, duk hanya ɗaya aka bi. Na-Sama ya yi ta zuba, ya kawo dalili ya kawo misali, sannan ya dubi hannun Umma. In ta juya yatsa, an gama. In ta dunƙule, maganar ta kwanta. Abokansa suna tsokanarsa, yana ce musu, “Ita take ƙasa, ita take ganin inda ƙafar kowa take.”

Hannun Umma ne ya kai shi asibiti washegarin ranar da ya tsaya a tsani, yana ta gunaguni. Aka yi awo, aka ɗauki hoto, aka tura su wani asibitin, har suka dangana da ofishin likitar zuciya, wata siririyar mace mai tabarau da ba ta gaggawar magana. Ta juya musu hoton zuciyarsa yana motsi a allo. Ta ce a cikin zuciya akwai wata 'yar ƙofa mai marfi biyu, jini ya wuce ta rufe. Tasa ba ta rufuwa sosai, jini yana komawa baya, shi ya sa numfashi ke ƙare masa.

“Wato tana yoyo,” in ji Na-Sama.

“Tana yoyo, Baba. Kuma gyaruwa take yi.”

Ta ce hanya biyu ce. Ta farko ita ce wadda aka saba, a raba ƙashin ƙirji biyu, a buɗe, a gyara, a ɗaure ƙashin da waya. Aiki ne mai kyau, mutane da yawa sun warke da shi, amma ƙashi yana daɗewa bai haɗe ba. Na-Sama ya tambaye ta tsani fa. Ta ce a shekarunsa, da tsani irin wanda ya kwatanta, ba za ta yi masa alkawarin likitan wurin aikinsu zai sake barinsa ya hau ba. Auta ta ga fuskar babanta ta faɗi kamar an sassauta mata igiya.

“Ta biyun fa?” in ji Umma.

Likita ta ce akwai wani inji da ake kira mutum-mutumi. Ba a taɓa ƙashi. Ana huda 'yan ƙananan ramuka a gefen dama, tsakanin haƙarƙari, a zura hannuwan injin, sirara kamar fensir, tare da kyamara. Ita kuma tana zaune a gefen ɗaki a gaban wani akwati, ta sa kanta a ciki tana ganin zuciyar ƙatuwa, yatsunta a cikin wasu zobba, ƙafafunta a kan feda. Yadda ta motsa yatsa, haka hannun injin zai motsa a cikin ƙirji.

Na-Sama ya matso bakin kujera. “Tsaya, tsaya, Likita. Ke ba kya taɓa ni?”

“Hannuna ba ya shiga ciki.”

“Kina gefe a zaune, kina kallo ta gilashi, kina murza liba?”

“Kusan haka ne.”

“Da takalmi ko ba takalmi?”

Likita ta yi dariya. “Cirewa nake yi. Na fi jin fedar da safa.”

Ya daki cinyarsa har nas ta leƙo. “Allahu Akbar! Maman Auta, kin ji? Direba ce! 'Yar'uwata ce, ba mu san juna ba!” Ya juya. “To wa ke ba ki hannu daga ƙasa?”

Da aka yi mata bayani, ta ce akwai likita na biyu da babbar nas a tsaye a bakin gadon, su ke sauya wa injin kayan aiki, su ke gaya mata abin da ba ta gani.

“Gajerenki ke nan,” ya ce, yana ta murmushi.

Likita ta bari ya gama murna, sannan ta faɗi sauran. Ko ta wace hanya aka bi, sai an tsayar da zuciyar na ɗan lokaci, wani inji ya riƙe aikinta da na huhu. Kuma idan suka shiga suka ga gyaran ba zai yiwu ta ramukan ba, a nan take za su janye injin su buɗe ƙirji. Na-Sama ya gyaɗa kai kamar an ce masa za a yi iska gobe. Auta kuwa kalmar tsayarwa kawai ta ji.

Daga ranar unguwa ta shiga uku da labari. An hana shi aiki, don haka ya samu lokaci. Ya ba wa mai aski, ya ba wa mai kanti, ya tare maƙwabci a bakin famfo ya ba shi har bokitinsa ya cika ya zube. Yana ɗaukar cokula biyu ya kwatanta yadda hannuwan ke shiga tsakanin haƙarƙari. “Shekara da shekaru ni nake ɗaga kaya,” yake cewa, “yanzu ni ne kayan. Kowa ya daɗe ya ga daɗai!” Gajere ya zo dubiya, aka zaunar da shi aka yi masa darasi tun daga farko. Ya saurara ya ce, “To ka roƙe su su duba ko akwai hankali a ciki, tunda an riga an shiga.” Suka yi dariya har tari ya sarƙe Na-Sama, Auta ta ruga ta kawo ruwa.

Ita Auta ilimin halittu ta karanta, kuma abin da ta sani ya isa ya hana ta sukuni, bai isa ya kwantar mata da hankali ba. Ta yi ta kallon bidiyon irin aikin a waya. Ta ga yadda allura ƙarama kamar gashin ido take ratsa nama, ta ga zuciya kwance shiru ba ta motsi. Wani lokaci abin yana burge ta har ta manta, ta ruga ta nuna wa babanta, su haɗa kai a kan wayar suna ta mamaki. Sai kuma ta tuna zuciyar wa za a kwantar haka, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Umma kuwa tana bakin aikinta. Tana ta kitsonta, tana raba gashi da tsinke, tana sauraro. Sai ranar da asibiti suka bugo waya suka ce an samu ranar yin aikin da injin, Na-Sama ya gama zubarsa a tsakar gida, ya dubi hannunta. Umma ta ajiye matajin, ta ɗaga hannu, ta dunƙule shi.

“Haba, Maman Auta.”

“Kai da bakinka ka koya mini. Duk abin da aka riƙe daga nesa sai ya yi me?”

Ta matso kusa da shi.

“Faɗa mana, Malam direba. Sai ya yi lilo. Ko ba kai ne ka dawo gida kana rawar jiki ba, ranar da iska ta kaɗa maka ƙarfe ya fasa bango? Bango an sake shi. Zuciya fa? In allura ta yi lilo a cikinta, wa zai sake mini ita? Wanda zai taɓa zuciyar mijina ya zo kusa ya taɓa da hannunsa. A buɗe ƙirjin, na yarda. Ka zauna a ƙasa, ka ci abincinka da zafi kamar kowa.”

“In na zauna a ƙasa me zan zama?”

“Mijina mai rai.”

Auta ta zaci zai yi gardama, don ta san yadda ransa ke kan wannan inji da kuma tsaninsa. Bai yi ba. Ya ɗauki waya ya gaya wa asibiti a ɗan dakata masa. Auta ta bi shi soro tana cewa ai jikinsa ne, ai shi ke da ta cewa. Ya ce, “Farfesa, ban taɓa ɗagawa a kan dunƙulallen hannu ba. Ba zan fara da kaina ba.” Amma kuma bai ce a buɗe ƙirjin ba. Magana ta tsaya a rataye, ba sama ba ƙasa.

Yoyo kuwa bai tsaya ba. Ƙafafunsa suka fara kumbura, takalmin aikinsa ya ƙi shiga. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya huta a hanya. Labarin mutum-mutumi ya ragu a bakinsa, ya koma zama a ƙofa yana hango wuyan Raƙumi daga nesa, yana faɗin kuskuren wanda aka sa a madadinsa. Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Tana tsoron injin kamar yadda Umma ke tsoronsa, tana kuma ganin jiran yana cin babanta a gabanta. Ranar da ta ga ya kasa sunkuyawa ya ɗaura igiyar takalmi, ta ɗauki jaka ta tafi asibiti ita kaɗai. Ta shirya magana mai tsari a hanya, amma da ta zauna gaban Likita sai kuka ya riga ta. A cikin kukan ta ba da labarin hannu da lilo.

Likita ta cire tabarau ta goge. Ta ce, “Mamanki ta yi tambaya mai kyau, ba kuma da baki ake amsa ta ba. Muna da ɗakin da muke koyon aiki. Ki kawo su, har da Gajeren.”

Ɗakin koyon yana ƙarshen wani dogon baranda, sanyi kamar cikin firji. Ga injin a tsaye, fari, hannuwansa a tanƙwashe kamar ƙafafun gizo-gizo, a ƙarƙashinsu wani faranti mai 'yan tsinkayen roba da ƙananan zobba da ba su kai ƙwayar wake ba. Can gefe ga akwatin da kujera. Na-Sama ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula. Ya zagaya injin a hankali yana leƙa gaɓoɓinsa, yana cewa, “Kai! Kai! Dubi wuyan hannu, Gajere. Ya fi naka lanƙwasa.”

Likita ta ce aikin mai sauƙi ne, a ɗauki zobe daga wannan tsinke a sa a wancan. Wa zai fara?

“Wannan ma tambaya ce?” Na-Sama ya zauna, ya tuɓe silifas ya jera su a bayan kujera, ya sa kai a akwatin. Sai suka ji ya yi salati. “Zoben nan ya kai tayar mota! Maman Auta, ina cikin farantin!”

Akwai allo a bango da ke nuna wa sauran abin da yake gani. Ya kama zoben cak, ya ɗaga shi tsaf, Gajere ya yi tafi. Ya nufi tsinke na biyu. Saura kaɗan ya isa sai ya tsaya, ya jira. Zoben ya tsaya inda ya tsayar da shi. Ya ƙara jira, sannan ya saki, zoben ya faɗi a gefen tsinke.

“Iska ce,” in ji Gajere.

“Rufe mini baki.”

Ya sake ɗauka. Ya sake tsayawa kafin wurin, yana jiran lilo ya ƙarasa masa. Da ya ga shiru sai ya bi kayan kamar yadda ya saba don ya kashe lilon, hannun injin ya bi shi daidai, ya wuce tsinken, zoben ya sake faɗuwa. Gajere ya manta kansa, ya shiga gaban injin yana ba da hannu, yana cewa a hankali, a hankali, alhali kan mutumin yana cikin akwati ba ya ganin kowa. A karo na gaba Na-Sama har karkata jiki yake yi a kujera. Zoben ya gangara ƙarƙashin faranti.

Wata irin dariya ta ɓarke a bayansu. Umma ce, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Rabon Auta da jin dariyarta tun ranar tsani.

Na-Sama ya fito da kai, gumi a goshinsa duk da sanyin ɗakin. “Likita, injin nan ba shi da lilo!”

“Ba shi da shi, Baba. Inda ka tsaya nan yake tsayawa. Ko hannunka yana rawa, yana tace rawar. Ka yi babban motsi, ya mayar da shi ƙarami.”

“To ni shekarun da na yi ina koyon lilo fa?”

“Matsa,” in ji Umma.

Ta gyara ɗaurin zani, ta zauna, Likita ta sa mata yatsu a zobban. Ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan a allon bango suka ga hannun injin ya buɗe baki, ya rufe, ya juya wuya hagu da dama kamar yadda take juya nata idan za ta kama gashin ƙeya. Ta ɗauki zobe ta sa a tsinke. Ta ɗauki wani ta ɗora a kai. Likita ta ajiye mata zare, ta zura shi ta cikin zobe ta jawo ta ɗaya gefen. Gajere ya ce, “Na-Sama, gobe ita za mu ba Raƙumi.” Auta ba ta kula shi ba, domin ta ga abin da Umma ke yi. Da gangan take karkaɗa hannunta, kaɗan da farko, sannan da ƙarfi, tana kallon bakin injin. Zaren yana riƙe, shiru kamar an zana shi.

Ta fito da kanta, ba dariya a fuskarta yanzu. Ta dubi Likita. “In wuta ta ɗauke fa?”

Likita ta ce akwai wata wutar a ajiye da ke kamawa nan take.

“In injin ya ƙi?”

“Mu janye shi, in taso in zo da hannuna. Kayan buɗe ƙirji suna shimfiɗe a gefe tun kafin mu fara.”

“Wadda ke tsayawa kusa da shi, ina son in gan ta.”

Aka kira babbar nas, wata mace mai jiki da faffaɗan hannu. Umma ta kama hannun ta juya shi, ta duba tafin, ta duba farce, kamar mai sayen tukunya. Ta ce, “'Yar'uwa, mutumin nan surutu ne da shi, amma shi ke nan mini.” Nas ta ce ba za ta matsa daga gefensa ba har a gama. Umma ta saki hannun. Ta juya ta dubi mijinta, wanda ke tsaye ba takalmi a kan tayil mai sanyi, ya zuba wa hannunta ido. Ta ɗaga yatsa ɗaya sama, ta juya shi.

“A ɗaga!” Gajere ya kwatsa ihu, har nas ta ce masa nan asibiti ne.

Safiyar aikin Na-Sama ya fi kowa walwala. An sa masa rigar asibiti mai ɗauri a baya, yana ta ƙorafin iska tana shigarsa. Ya roƙi mai allurar barci kada ya yi sauri, ya bar shi ya ga hannuwan injin tukuna, ya gaishe su. Ya ce wa Likita, “Direba, kin karya kumallo? Ba a hawa da yunwa.” Ya ce wa Auta ta daina wannan fuskar, in ya tashi zai nemi a ba shi bidiyon ya nuna wa mai aski. Sannan ya kira babbar nas ya yi mata darasi na ƙarshe. In ta fito, kada ta tsaya neman kalmomi, mutanen gidansa sun fi gane hannu. In an gyara ta ramukan, ta ɗaga yatsa ta juya. In sai da aka buɗe ƙirji, ta buɗe tafukanta biyu. Nas ta gwada, ya gyara mata tsayin gwiwar hannu, ya ce yanzu ta yi daidai.

Auta ta so ta tambayi wace alama ce ta uku, ta in bai farka ba, bakinta ya kasa. Ta riƙe ƙarfen gadon tana bin sa har inda aka ce iyaka ke nan. Ya ɗago hannu daga cikin mayafi ya yi mata alamar a hankali, tafin hannu a ƙasa, sannan ƙofa ta rufe.

Suna zaune a kan benci a barandar da ke fuskantar ƙofar. Gajere ya zo da kayan aikinsa, hular kwano a kan gwiwa, yana juya ta yana ba da labarin da ba mai saurara. Yayan Auta yana ta bugo waya daga inda yake aiki, ana ce masa tukuna. Umma ta jawo kan Auta ta kwance mata kitso ba tare da ta tambaye ta ba, ta soma wani sabo, yatsunta suna tafiya da kansu, idonta a kan ƙofar. Ta tagar baranda ana hango wuyan wani Raƙumi can nesa yana juyawa a hankali da kaya a bakinsa. Auta ta kalle shi sau ɗaya ta kau da kai.

Ɗazu ƙofar ta buɗe, duk suka miƙe, ashe wani ma'aikaci ne ya turo keken kaya ya wuce. Rana ta karkata, kitson ya kusa ƙarewa. Babbar nas ba ta fito ba tukuna, kuma ba su san ko ta ramukan aka gama ba ko an buɗe ƙirjin. Suna jira.